Yadda ake gane tsohon zoben maharba

Tambaya: Malam, na sayi wani zoben ƙaho a Istanbul mai leɓe a gefe ɗaya, mai shagon kuma ya ce na maharban Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka bayyana ya yi kama da zoben da Turkawa da Farisawa ke kira zihgir. A yawancin ƙasashen Asiya maharbi da babban yatsa yake jan tsirkiya, ya ɗora manuni a kansa ya kulle, saboda haka yake sa wannan zobe don kada tsirkiyar ta yanke masa fata. Al'adar ta daɗe ƙwarai, domin a kabarin Fu Hao, matar wani sarki na dā, da aka tono a Anyang ta ƙasar Sin a 1976 an samu irinsa na dutsen jed, wanda ya haura shekara 3,000.

Fara da siffa, domin ita ce ke nuna asali. Zoben Turkawa da na Mugal na Indiya yana da leɓe mai rufe cikin yatsa, bayansa siriri, raminsa kuma ya ɗan miƙe, ba zagayayye sosai ba. Na Manchu, waɗanda suka mulki Sin daga 1644 zuwa 1912, kamar guntun bututu yake, ba shi da leɓe. A kaburburan Nubiya ta dā, a yankin Sudan na yanzu, ma an samu na dutse masu kauri.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne alamar aiki. Ka kai zoben hasken rana, ka duba gindin leɓen, inda tsirkiya ke zama kafin a saki kibiya. Wanda aka yi shekaru ana harbi da shi, wurin ya siɗe ya yi sheƙi, sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, kuma launin da gumi ya bari ya shiga jikin ƙahon. Na jabu kuwa, tsufansa iri ɗaya ne ko'ina, domin shafa masa launi aka yi, wani lokaci har layukan injin gogewa za ka gani a cikin ramin. Idan an ce maka hauren giwa ne, nemi siraran layuka masu gicciye juna. Ƙashi ƙananan ɗigo baƙaƙe yake nunawa. Sai dai ka yi hattara, tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe.

Kada rashin alamar tsirkiya kaɗai ya sa ka yanke hukunci, domin zobban da aka yi wa ado da zinariya da yaƙutu a fadar Mugal yawanci na ƙawa ne da nuna matsayi. Amma naka na ƙaho ne, kayan aiki, ya kamata a ga sawun tsirkiya. Kada ka wanke shi ko ka shafa masa mai kafin masanin kayan tarihi ya riƙe shi a hannunsa, kuma ka nemi mai shagon ya ba ka shaidar inda ya samo shi a rubuce.