Amsar ƙanena kan kalmomin Turanci a wasan Scrabble

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Ku yi haƙuri da doguwar murya, ina tafe ne, ba zan iya zama rubutu ba. Ƙanena, na ji ƙorafinka, wai abokinka da ka fi shi Turanci nesa ba kusa ba kullum sai ya lallasa ka a Scrabble, wasan nan na jera ƙwayoyin haruffa a kan allo a haɗa kalmomi a ci maki, shi ne kake tambaya ko ka hau haddar ƙamus, kuma ko dole ne sai ka san ma'anar kalma kafin ka buga ta.

To, ajiye ƙamus ɗin nan tukuna. Ina kyautata zaton abokin naka ƙananan kalmomi ya riƙe, kai kuma kana zaune kana jiran doguwar kalma mai burgewa ta faɗo maka. A jerin Collins, wato kundin kalmomin da aka yarda a buga, wanda ake gasa da shi a yawancin duniya in ka cire Amurka da Kanada, kalmomi masu harafi biyu ɗari da ashirin da 'yan kai ne kacal. A sati guda za ka haddace su. Su ne ke ba ka damar jera kalma a gefen wata, ka ci maki ta fuska biyu. Ɗauki QI. Q maki 10 ne. In ka ɗora shi a gidan da ke ninka harafi sau uku, ya zama QI a kwance kuma QI a tsaye, maki 62 ke nan da ƙwaya biyu ko ma ɗaya. Wani zai yi gumi ya haɗo kalma mai harafi shida bai samu rabin haka ba.

Abin dariyar ma, Bahaushe ya shigo wasan nan da guzurinsa bai sani ba. ZA, ZO, KA, KO, DA, BA, NA, TA, YA, MU, KI, duk Collins ya karɓe su, sai dai ma'anar ba tamu ba ce. ZO wata dabba ce ta yankin Tibet, barbarar saniya da yak, wani irin sa mai dogon gashi. KA da BA daga tsohuwar Masar suke, sunayen da suke kiran ruhi da su. MU harafin Girkanci ne. KO kuwa sandar haƙa ce ta mutanen Maori na New Zealand. Amma kar daɗi ya kwashe ka, NI da SU da KU ba sa ciki. In ka buga su abokin wasa ya ƙalubalance ka, za ka kwashe ƙwayoyinka, zagayen kuma ya wuce ka. Sannan in a waya kake bugawa ka duba wane jeri manhajar ke bi, domin na Amurka bai san ZO da KO ba.

Haka Q ɗin nan da kowa ke tsoro in ba U a hannu. Ai mu ya kamata mu fi kowa sakewa da shi, tunda yawancin kalmomin Larabci ne da muka taso da su. QADI alƙali ne, QIBLA alƙibla, FAQIR faƙiri, NIQAB niƙabi, WAQF waƙafi, TALAQ saki. Wallahi ranar da na fara ganin jerin nan sai da na yi dariya ni kaɗai.

Yauwa, batun ma'ana. A doka ba wanda zai tambaye ka. Akwai Nigel Richards ɗan New Zealand, a 2015 ya ci gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci alhali ba ya jin Faransanci, jerin kalmomin kawai ya haddace cikin 'yan makonni. Amma ƙanena, ni da kai ba Nigel ba ne. Ni dai a wurina kalmar da ban san ma'anarta ba kwana biyu take yi ta gudu. Kuma ma'ana ce ke nuna maka abin da za ka iya liƙa wa kalma. QI, wato ƙarfin rai a fahimtar mutanen Sin, yana ɗaukar S ya zama QIS. XU kuɗin Vietnam ne, jam'insa ma XU ne, ka sa masa S ka faɗi. JO masoyi ne a bakin mutanen Scotland, jam'insa JOES, ba JOS ba. Ka ga wanda ya yi hadda kurum nan zai yi tuntuɓe.

Wani abu da nake gani kuna yi, ɓarnatar da S. Guda 4 ne rak a cikin ƙwaya 100, farare marasa harafi kuma 2. Kada ka kashe su a kan maki goma sha. Riƙe su ka haɗa da irin su A, E, I, N, R, T, saboda in ka zubar da ƙwayoyinka bakwai a bugu ɗaya akwai ƙarin maki 50. Waɗannan shidan da S kaɗai suna ba da RETAINS, NASTIER, RETINAS, STAINER, ka zaɓi wanda allo ya ba shi wuri. Amma ban ce ka zauna jiran bakwai kullum ba. Wellington Jighere, ɗan Najeriyar da ya ci kofin duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, an san shi da salon gajerun kalmomi da toshe wa abokin hamayya hanya.

Hajiya kuma ta yi tambaya kan Wordle, wasan nan na cankar kalma. Shi ba ya buƙatar waɗannan baƙin kalmomi, Hajiya. Harafi biyar ne, gwaji shida, amsar kuma galibi kalma ce ta yau da kullum. Ki fara da irin SLATE ko CRANE, ki kuma tuna harafi yana iya zuwa sau biyu, kamar a SPEED, nan ne mutane suka fi asarar gwaji.

Inda ma'ana take zama komai shi ne crossword, cike gurbin nan na jarida, musamman irin na Ingila mai zaurance. Za su rubuta maka flower, ka tafi neman fure, ashe abin da ke flow suke nufi, wato kogi, amsar ta fito THAMES. Ko su ce number, kana ta lissafi, alhali abin da ke sa jiki ya yi numb ake nema, maganin kashe zafi. Wannan kam hadda ba ta fitar da kai, sai ka saba da duba ma'ana ta biyu da ta uku a ƙamus, ba ta farko kaɗai ba.

Ƙanena, in kun sake bugawa ka ɗauko min hoton allon a ƙarshen wasa, da ƙwayoyin da suka rage a hannunka, in ga inda makin ke zubewa. Na iso inda za ni, sai anjima.