Hayar Fagge ta tashi: in zauna ko in koma bayan gari?

Tambaya: Shekara shida ke nan ina zaune da iyalina a ciki da falo a Fagge cikin Kano, ina tsaron shago a Kantin Kwari. Bana mai gidan ya aiko cewa haya ta kusa ninkawa, ko in biya ko in tashi. Wani dillali ya nuna mini ɗaki biyu da tsakar gida a Danbare, kuɗinsa bai kai sabuwar hayar ba. Wanne ya fi mini?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Abin da ya same ka ya sami mutane da yawa a unguwannin da ke kewaye da Kwari. Kasuwar ce take ta cin unguwa. Gidan da jiya ake suna da biki a cikinsa, yau ka leƙa ka ga dilolin atamfa da shadda har rufi. Mai gidanka ya san abin da ɗan kasuwa zai ba shi in ya mai da falonka sito, da wannan idon yake yanka maka farashi. Ga kuma tsadar siminti da rodi, wadda ta sa ko gyaran kwata sai an ji a jiki.

Amma kada arahar Danbare ta ruɗe ka tun ba ka ɗauki biro ba. Yanzu da ƙafa kake zuwa shago. Daga can titin Gwarzo kuwa sai ka hau adaidaita sahu ka ratso Kabuga safe da yamma, kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya daina zama ƙaramin abu. A ce naira 1,000 ce kawai zuwa da dawowa, kwana 26 a wata: naira 312,000 ke nan a shekara, kai kaɗai, ban da ranar da uwargida za ta je asibiti ko gidan iyayenta. Ɗora la'adar dillali, da motar kwashe kaya, da sabuwar makarantar yara da islamiyya. Ka tambayi maƙwabtan can nawa ɗan garuwa yake sayar da jarka.

In ƙarin da aka yi maka bai kai wannan jimlar ba, ni dai zama nake ba ka shawara. Kada ka je wa mai gidan da zafi. Ɗauki dattijon da yake jin nauyinsa, liman ko mai unguwa, ku zauna a soro. Nemi ragi, in ya ƙi ka nemi biya kashi biyu, kuma a rubuta cewa ba ƙari har shekara biyu, da shaidu da rasit. Ɗan hayan da ya yi shekara shida ba a taɓa bin sa kuɗi ba yana da daraja, ka faɗi hakan.

In kuma tashin ya zama dole, ka koma ka ga gidan na Danbare jim kaɗan bayan an yi ruwan sama. Dubi bango ko yana tsatsafo, dubi lungun ko adaidaita na iya shiga.

Tambaya: Mu bakwai muka gaji gidan ƙasa a cikin birni. Wani ya taya da tsada, yayyena maza suna so a sayar. Mahaifiyarmu tana zaune a cikin gidan. Yaya za mu yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ba ginin yake taya ba, filin yake so, don haka kada ku tsaya a tayin mutum ɗaya. Ku sa dillalai biyu ko uku su yi masa kuɗi daban-daban. Kafin nan a fitar da rabon kowa a gaban malami ko kotun shari'a, har da tumunin mahaifiyarku. Kada kuma kowa ya sa hannu sai kun ga inda za ta koma da idonku, ita ma ta ce ta yarda.