Amsar tambayar Alhaji kan zagayen kufan Girka da mota

(Muryar da ɗan'uwanmu mazaunin Atina ya turo jiya da dare. An rubuta ta saboda masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji barka da dare, ya Hajiya da yara? Na ga saƙonka tun da rana, aiki ne ya riƙe ni, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya. A yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

To, ka ce bayan taronku na Atina kana da kwana 6, za ka ɗauki hayar mota kai da Hajiya, ku ga Delfi, ku ga Olimpiya, ku hau Meteora, ku leƙa Tasalonika, in da hali har tsibirin Santorini. Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, wannan ai aikin direban tirela ne ka tsara wa kanka. Tasalonika kaɗai kilomita 500 ce daga Atina. Santorini kuma ruwa ne tsakani, ba ta shafi mota ba. Taswirar ƙasar nan tana ruɗin baƙo, ka gan ta 'yar ƙarama, amma yawancinta duwatsu ne, inda ka zaci minti 40 sai ka share awa biyu kana nannaɗe tsauni. Shawarata, ka bar arewa gaba ɗaya sai wani zuwan. Ka yi zagaye guda: ka fita ta yamma ka shiga yankin Feloponis, ka tsallake gada, ka dawo ta Delfi. Shi ma ɗin in ka ba shi haƙƙinsa kwana 6 ba su yi masa yawa ba.

Maganar mota tukuna. Kada ka karɓe ta alhali kana cikin Atina, wahalar wurin ajiyewa kawai za ka saya. Ka karɓa safiyar da za ka fita. Ka zo da lasisin ƙasa da ƙasa haɗe da naka na gida. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, in otomatik kake so ka kama tun yanzu. Kuma ƙarama, Alhaji, na san ka da son babbar mota, amma lungunan tsofaffin garuruwan nan ba da mota aka auna su ba. Hannun tuƙi irin namu ne, dama. Manyan hanyoyi lafiya lau, sai dai tolget ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe kati ko canji.

Awa ɗaya da fita za ka kai mashigin Korinti. Sai ka sauka daga babbar hanya ka bi tsohuwar gada, in ba haka ba za ka wuce ta kansa ba ka sani ba. Dutse ne aka tsaga miƙe, tsawon kilomita 6, ruwa can ƙasa shuɗi shar. Sarkin Rum Nero ya fara haƙa shi a shekara ta 67, bai kai ko'ina ba, sai 1893 aka gama. Minti 15 sun isa, ku ɗauki hoto ku wuce.

Inda nake so ka ba lokaci shi ne Mikene, kufan wani tsohon birni. Daga nesa tsibin duwatsu ne a kan tudu, za ka ce don wannan na zo? Ka bari sai ka tsaya a ƙarƙashin Ƙofar Zakuna. An gina ta wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, zakuna biyu a sama sun dafa ginshiƙi, kawunansu sun daɗe da faɗuwa. Duwatsun bangon kuwa, su kansu Girkawan da suka zo daga baya da suka gani cewa suka yi ba mutum ya ɗora su ba, wasu samudawa ne masu ido ɗaya. Kafin ka kai ƙofar, a gefen hanya, akwai wani kabari da aka haƙa cikin tudu, mutane da yawa suna wuce shi. Kada ka wuce. Ka shiga ka ɗaga kai: rufi ne zagaye da ya haura mita 13, dutse kan dutse, ba siminti ba ƙarfe, yana tsukewa har ya haɗe a sama. Dutsen da ke kan ƙofarsa shi kaɗai an ƙiyasta tan 120. Ciki sanyi, duhu, in ka yi gyaran murya sai ta dawo maka. Fuskar zinaren nan da wani Bajamushe, Schliemann, ya tono a wurin a 1876, ta asalin tana babban gidan tarihi na Atina, saboda haka ka gan ta tun kafin ka fito.

Daga nan minti 30 sai Nafpliyo, nan za ku kwana biyu, kada ka rage. Gari ne na bakin teku, shi ne babban birnin ƙasar kafin a mayar Atina a 1834. Ka ajiye mota a filin tashar jirgin ruwa ku taka da ƙafa. A dandalin tsakiyar gari za ka ga gine-gine masu ƙubba, ba sai an gaya maka ba, masallatai ne na zamanin Daular Usmaniyya. Ɗaya daga cikinsu ma a ciki majalisar ƙasar ta fara zama. Ba a salla a cikinsu yanzu, kuma ni dai duk sanda na bi ta wurin sai jikina ya yi sanyi. Can cikin lungu akwai cocin da aka kashe shugabansu na farko, Kapodistiriyas, a bakin ƙofarsa a 1831, an rufe gurbin harsashin da gilashi a jikin bango. Sansanin da ke saman dutse, Falamidi, mutanen Benis, birnin nan na Italiya, suka gina shi, 'yan gari suna cewa matakalarsa 999 ce. Kada ka sa Hajiya ta ƙirga maka, akwai titin mota ta baya har bakin ƙofa.

Washegari da sassafe ku tafi Efidauros, kilomita 30 ne. A nan ka buɗe kunne: garuruwa fiye da ɗaya ke ɗauke da sunan, akwai tsohuwa akwai sabuwa, duk a bakin ruwa, kuma babban dandalin da kake nema ba ya cikin ko ɗaya. Yana kusa da wani ƙauye Liguriyo. Shi za ka sa a waya. Dandalin wasan kwaikwayo ne da aka sassaƙa a jikin tudu ƙarni 4 kafin Annabi Isa, layi 55 na kujerun dutse, yana cin mutum wajen 14,000, kuma har gobe ana wasa a ciki da bazara. Ka ce Hajiya ta hau layin ƙarshe. Kai ka tsaya a kan ɗan zagayayyen dutsen da ke tsakiya, ka saki kwabo ɗaya, ko ka yage takarda. Za ta ji. Ba lasifika ba komai. Sai dai in motocin 'yan yawo sun riga ku, kowa na tafi kowa na waƙa, to ba abin da za ta ji sai hayaniya. Shi ya sa nake ta nanata sassafe. Wurin kuma asalinsa gidan magani ne, marasa lafiya suna kwana a wani dogon zaure, su yi mafarki, da safe a fassara a ba su magani. Shirka ce tsagwaronta, amma a ɗan gidan tarihin wurin za ka ga kayan fiɗa na tagulla, ka san ba mafarki kaɗai suka dogara da shi ba.

Isbarta, tsohon birnin mayaƙan nan da kowa ya san sunansa, kada ka ɓata mai. Kusan ba abin da ya rage.

Zuwa Olimpiya wajen awa uku ne. Hanyar tsaunukan Arkadiya ta fi kyau nesa ba kusa ba, ƙauyuka maƙale a jikin dutse, amma kwana ce kan kwana, in Hajiya tana jiri a mota ku nemi magani tun a gari. Za ka riƙa ganin wasu 'yan akwatuna kamar ƙananan coci a bakin hanya da fitila a ciki. Yawanci inda aka yi haɗari ne. In ka ga sun yi yawa a kwanar hanya ɗaya, ɗaga ƙafa. In kuma ɗan gari ya matso bayanka, ka raɓe dama ya wuce, haka suke yi.

Olimpiya shimfiɗe take, ga inuwar itatuwa, hutu ne ga gwiwa. Nan aka fara wasannin Olamfik a shekara ta 776 kafin Annabi Isa, duk bayan shekara huɗu. Filin tseren mita 192, layin farawa na dutse yana nan da gurbin yatsun ƙafa, kowa sai ya gwada gudu, har tsofaffi. Abin da ya fi burge ni ba shi ba ne. Dab da shiga filin akwai jerin gindin gumaka, da kuɗin tarar waɗanda aka kama da maguɗi aka yi su, aka rubuta laifin, don duk ɗan wasa ya bi ta gabansu kafin ya shiga. Ashe cuwa-cuwa tsohuwa ce.

Daga nan arewa, ka haye gadar Riyo, kusan kilomita 3 a kan teku, an buɗe ta 2004, kuɗinta da ɗan zafi. Ku ci abincin rana a Nafpaktos, garin da yaƙin ruwan Lepanto na 1571 ya samo sunansa daga gare shi, sai ku bi gaɓar teku, ku ratsa gonakin zaitun ku hau Delfi. Ku kwana a can, kada ka yarda ka ce za ka gani da yamma ka wuce. Motocin Atina suna isowa da hantsi, kai kuma ana buɗe ƙofa kana ciki.

Delfi fadar bokaye ce ta duniyar wancan zamani, sun ce ma nan ne cibiyar duniya. Wata bokanya ke zama a ɗakin gunkin, sarakuna suna aiko da dukiya a duba musu. Sarki Kurisas na Lidiya ya tambaya ko ya yaƙi Farisa, aka ce masa in ya yi zai rushe babbar daula. Ya yi murna ya fita yaƙi, daular da ta rushe tasa ce. Boka dai ba ya faɗuwa ƙasa. Wurin hawa ne tun daga ƙofa har filin tsere na can ƙoli, dutsen kuma ya sha ƙafa yana santsi, a sa takalmi mai kama ƙasa. A gidan tarihin ka nemi mutum-mutumin direban keken doki na tagulla, ka matsa ka dubi idonsa, har gashin ido akwai. Daga Delfi awa biyu da rabi kana Atina.

Malam ya yi tambaya a ƙasa kan abinci da salla. Gaskiya naman da ake gasawa a tsinke a bakin titi yawanci alade ne, ko an ce akwai na kaza, sau da yawa wuta ɗaya ce. Ku tsaya kan kifi, miyar wake, burodi, zaitun, cuku da salak, ba za ku ji yunwa ba. Masallaci kuwa, akwai na hukuma a unguwar Botanikos a Atina da aka buɗe 2020, amma a zagayen nan kada ka sa rai. Sallaya a but, ruwa a gora, ku yi ƙasaru. Hukuncin shiga wuraren gumaka na bar wa Malam, shi ne mai fannin.

In tafiyar ta faɗo Yuli ko Agusta, rana ta tsaya ku nemi inuwa, zafin har rufe Akrofolis, kufan da ke kan dutsen Atina, yake sa a yi da tsakar rana. Da hunturu kuma da wuri ake rufe wuraren tarihin. Sannan don Allah ko tsakuwa kada a sa a aljihu da sunan tsaraba, laifi ne babba a dokarsu, masu gadi suna kallo da usur a baki.

Maganar bizar Shengen da inshorar motar sai gobe in sha Allahu, caji ya kusa ƙarewa. A gaida Hajiya. Sai da safe.