Jakar da ke cikin maigidana tana yoyo, fatar wurin ta saɓule: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mako biyar ke nan da aka yi wa maigidana aiki bayan taifot ta huda masa hanji. An fito da bakin hanjin ta gefen dama na cikinsa, bahaya yana zuba cikin jaka. Jakar ba ta kwana biyu take ɓallewa, fatar ta yi ja tana raɗaɗi, ga shi yana ta ramewa. Ya daina zuwa masallaci, gonar shinkafarsa ma ba ya zancenta. Me zan yi? Daga wata mai karatu a Argungu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Malam lafiya, ke kuma sannu da jinya.

Bakin hanjin nan likitoci na kiransa sitoma. Yadda kika kwatanta shi, ta dama kuma bayan taifot, ga alama na ƙaramin hanji ne. Abin da ke fita daga nan ruwa-ruwa ne, kuma yana ɗauke da sinadaran narka abinci. Su ne ke cin fatar, ba rashin tsabtarki ba.

Mafi yawan lokuta laifin na ramin da ake yankewa a jikin faifan mannewa ne, wato ɓangaren jakar da ke kama fata. Sitoma takan kumbura bayan aiki, sai ta riƙa motsewa har mako 6 zuwa 8. Idan har yanzu da awon ranar sallama kike yanka, ramin ya yi mata faɗi, bahaya yana kwanciya a kan fata, fatar ta tsattsafo da ruwa, mannen ya ƙi kamawa, yoyo ya ƙaru. Ki sake awo duk mako: ki zana siffarta a takarda, ki yanke ramin ya fi ta da milimita 2 zuwa 3 kacal.

Canjin jaka ya fi sauƙi da sassafe kafin ya karya, lokacin da hanji ya lafa. Ki ɓare tsohuwar daga sama zuwa ƙasa, ɗaya hannun yana danne fata. Ki wanke da ruwan ɗumi zalla. Ban da sabulu mai maiƙo, ban da basilin, man shanu ko man kaɗe, domin manne ba ya zama a kan mai. Toka da garin magani kuwa ƙara gyambo suke yi. Ki bar wurin ya bushe sarai. Inda fata ta saɓule, ki barbaɗa hodar sitoma kaɗan ki kakkaɓe saura. Ki ɗumama faifan a tafin hannu, ki manna yana miƙe da ciki, ki dafe minti ɗaya. Ɗan jinin da ƙyalle ke lakatowa daga sitomar ba abin tsoro ba ne, naman kamar dasashi yake.

A zubar da abin ciki da zarar jaka ta kai kashi ɗaya cikin uku, nauyi ne ke fizge ta. Faifai mai kyau yakan yi kwana 3 zuwa 5, amma da zafin Kebbi na watan Maris zuwa Mayu gumi yana rage masa kwana. Sauran jakunkunan a ajiye su a inuwa, kada a bar su kusa da murhu. Idan ya ji ƙaiƙayi a ƙarƙashin faifan, yoyo ya fara. A canza, kada a lafta filasta a kai.

Ramar ta fi yoyon damuna. Babban hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri, shi kuwa yanzu an tsallake shi. Ki auna abin da ke fita a yini da gorar da kika san awonta, ki riƙa rubutawa a takarda. Idan ya wuce lita ɗaya, ko fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, ko jiri na ɗibarsa, jiki yana bushewa. Ruwa zalla da lemon kwalba a nan ƙara gudun suke yi. A ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya, ko a gida ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya, yana kurɓa a hankali. Tuwon shinkafa, ayaba, dankalin Turawa da burodi suna kaurara bahaya. Kifi, ƙwai da nono su ne za su mayar da tsoka, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. Gyaɗa, aya, gasasshiyar masara, kwakwa, kwaɗon rama da zaren mangwaro suna iya toshe bakin hanjin. A jinkirta su, in an fara a tauna sosai. Wake da albasa iska suke kawowa, ba illa ba.

A tafi asibiti nan take idan sitomar ta koma baƙa ko shuɗiya, ko awa 6 ba abin da ya fita ga murɗar ciki da amai, ko jini ya ƙi tsayawa. Majinar da ke fita ta dubura jefi-jefi kuwa ba komai.

Batun masallaci: malamai suna ɗora irin wannan a kan hukuncin mai lalura, kamar mai yoyon fitsari. Ya zubar da jakar, ya yi alwala, ya shiga sahu. Jakar da ta kama ba ta wari, kuma babbar riga ta rufe ta. Ya nemi ƙarin bayani wurin limaminsu. Azumi kuwa sai da yardar likita.

Gona, ya je ya duba. Ɗaukar buhu da sunkuyon noma ya bari har wata uku, don gudun ƙaba a gefen sitomar. Ta taifot galibi ta wucin gadi ce, ana mayar da hanjin bayan wata 2 zuwa 3 ko fiye, amma sai ya yi ƙiba jini ya dawo. Ranar komawa asibiti ki tafi da takardar awon nan na kullum, likitan tiyata zai so ganinta.