Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan tamburan inganci a jikin kwalaben bitamin

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma ya ba ki ladan wannan kulawa.

Don waɗanda tambayar ta wuce su: 'yar uwarmu na riƙe da kwalabe uku na mahaifiyarta. Ta farko kalsiyam ce da bitamin D, yayanta ya aiko daga Amurka, da tambarin "USP Verified" a jiki. Ta biyu man kifi ne da ta saya a kanti, an rubuta "GMP Certified" da "FDA Registered Facility". Ta uku kafso ne na ciwon gwiwa da wata mai talla a Instagram ta sayar mata, wai ganye ne zalla, kuma wai an gwada shi a ɗakin gwaji. Hajiya na da hawan jini da ciwon suga. Abin da take son sani shi ne wace shaida ce abar dogaro a cikin waɗannan.

Na daɗe ina aikin harhaɗa magunguna a Kano, irin waɗannan kwalabe kuwa kusan kullum sai an kawo mini su a leda a ce in duba. Ki yi haƙuri, amsar za ta yi tsawo.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, a Amurka ɗin da muke ganin komai nata tantacce ne, ba a ɗaukar bitamin da kafson ganye a matsayin magani. Wata doka ta 1994 ta sanya su a sahun abinci. Kamfani zai iya haɗa kayansa ya kai kasuwa ba tare da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta gwada ko ta amince ba, hukumar takan shigo ne daga baya idan an samu matsala. Don haka "FDA Registered Facility" da ke jikin man kifin nan ba ya nufin an gwada komai. Masana'antar ta kai sunanta da adireshinta an rubuta a rajista, shi ke nan, kuma wajibi ne a kan kowa. Shi ma "GMP" ƙa'idojin tsabta da tsarin aiki ne da FDA ta shimfiɗa wa masu wannan sana'a a 2007. Kamfani kan zana wa kansa wani zagayayyen hatimi mai ruwan zinare ya rubuta haruffan nan uku a ciki. Ki duba da kyau: wa ya ba da shaidar? In babu sunan wata cibiya ta daban a wajen, to kamfanin ne ke yabon kansa. Ko da akwai sunan, shaidar GMP a kan masana'anta take, ba a kan abin da ke cikin kwalbarki ba.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne. A 2023 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani gwaji da Dakta Pieter Cohen da abokan aikinsa suka yi a kan alewar melatonin iri 25, wadda ake sha don samun barci. Guda 22 abin da ke cikinsu bai yi daidai da rubutun jikinsu ba. Wata ta ninka adadin da aka rubuta fiye da sau uku, wata kuwa babu melatonin a cikinta sam. A fili ake sayar da su, ba a bayan fage ba.

Saboda haka ne cibiyoyin da ba na gwamnati ba, ba kuma na kamfanin ba, suka shigo tsakani. USP ita ce dattijuwa a cikinsu. Tun 1820 take rubuta ma'aunin ingancin magunguna a Amurka, kuma mu masu wannan aiki da littattafanta aka koyar da mu. Idan ta sa tambarinta a kan kwalba, ta binciki masana'antar, ta gwada ta ga sinadarin da aka rubuta yana ciki kuma a daidai adadin, ta tabbatar babu gubar dalma, zaiba ko ƙwayoyin cuta fiye da kima, sannan ta ga ƙwayar tana narkewa cikin lokacin da ya kamata. Mutane kan raina wannan na ƙarshen, alhali ga ƙwayar kalsiyam babban abu ne. Wadda aka danne da ƙarfi a wajen bugawa tana iya ratsa ciki ba tare da jiki ya amfana da ita yadda ya kamata ba.

Sai dai ki lura da abu biyu. Haruffan USP kawai a gefen sunan sinadari daban suke da tambarin "USP Verified". Na farkon iƙirarin kamfani ne cewa ya bi ma'aunin, na biyun ne shaidar an zo an gwada. Sannan ba a ba kamfani tambari a dunƙule, kaya ɗaya-ɗaya ake ba wa. Za ki ga kamfani guda, bitamin D ɗinsa na da tambarin, wani kayan nasa kuma babu. Masu talla sun iya wasa da wannan, su nuna miki hoton mai tambarin su sayar miki da ɗan uwansa.

NSF ma haka take. An kafa ta a 1944 a jihar Mishigan, kuma tana da nata ma'aunin na waɗannan kayayyaki. Tana da wani tambari na musamman don 'yan wasa, kamar yadda Informed Sport ta Ingila take yi, inda ake bincikar sinadaran da aka haramta a wasanni. Bari in ɗan ratse saboda samarinmu masu zuwa ɗaga ƙarfe da shan garin furotin. Kun ga abin da ya samu ɗan ƙwallon ƙafar nan na Faransa, Paul Pogba. An samu haramtaccen sinadari a jikinsa a 2023, aka dakatar da shi shekara 4, daga baya kotun wasanni ta rage zuwa wata 18 bayan ta yarda cewa ba da gangan ba ne, daga wani kayan gina jiki ne da wani likita a Amurka ya ba shi. Mutum mai likitoci da lauyoyi ke nan, ballantana wanda ya sayi gari a roba ba suna.

Ga man kifi akwai IFOS ta Kanada, wadda ke duba ko man ya fara lalacewa da kuma gubar da kifi kan kwaso daga teku. Akwai kuma ConsumerLab, da ta fara aiki a 1999, ita takan sayo kaya daga kasuwa kamar kowa ta gwada ta buga sakamako.

Wani zai ce ai kamfanin ne ke biyan kuɗin gwajin, ina 'yancin yake? Gaskiya ne, shi ke biya. Ni dai abin da ya sa nake ba su muhimmanci shi ne jarinsu kaf sunansu ne, kuma suna komawa su sake gwada kayan bayan sun shiga kasuwa. Amma wannan tsada tana da wani sakamako: kamfanoni da dama masu aikin kirki a Turai, Indiya da nan gida ba su da waɗannan tambura, don ba kasuwar Amurka suke nema ba. Rashin tambari bai sa kaya ya zama na banza. Abin da ba na yafewa shi ne tambarin ƙarya, kuma buga shi ba wuya, duk mai injin ɗab'i zai iya. USP da NSF kowace na da jerin kayan da ta tantance a shafinta na intanet, kyauta. Ki rubuta sunan kayan daidai yadda yake a kwalba. In bai fito ba, ki ɗauka babu tambarin.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya. Aikin waɗannan cibiyoyi irin na mai gwada zinare ne a kasuwa: zai ce miki wannan sarƙa zinare ce ta gaske, ga nauyinta, amma ba zai ce miki kina bukatarta ba. Tambarin USP bai ce kalsiyam zai yi wa Hajiya amfani ba, bai kuma ce ba zai yi karo da magungunanta ba. Idan cikin magungunan hawan jininta akwai mai sa fitsari irin hydrochlorothiazide, wanda ake yawan bayarwa a asibitocinmu, shi da kansa yana sa jiki riƙe kalsiyam, ƙari a kai kuma sai da sanin likita. Kalsiyam yana hana jiki tsotse wasu magunguna, irin su ciprofloxacin da maganin maƙoƙo, in an sha su lokaci guda. Ga wadda ta daɗe da suga da hawan jini kuwa, ya kamata a san halin da ƙodarta ke ciki kafin a ɗora ta a kan kowace ƙwaya ta kullum. Kwalbar na iya zama mai inganci ɗari bisa ɗari, ta kuma zama ba ta dace da ita ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wato zafi. An gwada kayan ne a can, yawancinsu kuma an rubuta a ajiye su a wuri mai sanyi marar laima. Sai su yi makonni a kwantena, su kwana a tashar jiragen ruwa ta Legas, su hau tirela, su zo su zauna a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Man kifi ya fi kowa shan wahala. Ki huda ɗaya ki sansana. Ƙarnin kifi kaɗan ba komai, amma in kin ji wari mai hawa kai ko ɗaci, ya lalace ko da wa'adinsa bai ƙare ba. In kuma kafson sun manne da juna sun zama curi, sun sha zafi. Kada ki ajiye su a kicin ko a cikin mota.

Tunda man kifin a kanti kika saye shi a nan, dole ne ya kasance da lambar NAFDAC. Wanda yayanki ya aiko tsaraba ce, ba za ki ga lambar a jikinsa ba, kuma wannan ba laifi ba ne. NAFDAC hukumar gwamnati ce, ba cibiya mai zaman kanta ba, amma ita ce ƙofar da doka ta ce kowane kaya ya bi kafin a sayar. Ita ma lambar ana satar ta, don haka ki duba ta a rumbun hukumar da ake kira Greenbook, ki ga ko sunan kaya da na kamfani sun dace da lambar. Sau da dama nakan tarar lambar ta gaske ce amma ta wani kaya ce daban. A magungunan ganye za ki riƙa ganin lamba mai ƙarewa da harafin L. Wannan na nufin an duba cewa ba ya cutarwa a gwajin farko, ba a tabbatar yana warkarwa ba, shi ya sa ake tilasta musu rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarinsu ba. Masu tallar rediyo da na lasifika a kasuwa ba sa karanta wannan layin.

Sannan ki duba fatar kafson. Yawancin masu laushin nan da jelatin ake yin su, shi kuwa daga saniya, kifi ko alade ake samo shi. USP da NSF ba sa duba wannan. Shaidar halal daban take, irin ta IFANCA a Amurka ko JAKIM a Malesiya. In an rubuta jelatin kawai ba bayani, ana iya tambayar kamfanin, ko a nemi mai fatar kifi ko ta tsiro.

Kwalba ta uku ce ta tayar mini da hankali, ƙanwata, kuma ita ce dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Wani bincike da aka buga a 2018 ya tattara kayayyaki 776 da FDA ta kama tsakanin 2007 da 2016 da maganin asibiti a ɓoye a cikinsu. Mafi yawansu na ƙarfin maza ne, na rage ƙiba da na gina tsoka. Na ciwon gaɓoɓi ma suna da nasu tarihin. A 2022 FDA ta yi gargaɗi a kan wani mai suna Artri King da ake tallatawa a matsayin na gargajiya, aka samu diclofenac da dexamethasone a ciki ba a rubuta ba. Dabarar ke nan: a zuba maganin kashe zafi da sitiroyid a cikin garin ganye, tsohuwa ta sha kwana biyu ta miƙe tana sallah a tsaye, kowa ya ce an dace. Na ga iyayenmu mata da aka kawo fuska ta kumbura ta yi zagaye, suga ya ƙi sauka, jini ya hau, wata da gyambon ciki har da baƙin bayan gida, kuma duk iyalan suna rantsuwa cewa ba ta shan komai sai na ganye. Ga mai suga da hawan jini, waɗannan sinadarai biyu suna daga cikin mafi munin abin da za a ba ta a ɓoye.

Ban ce lallai naki haka yake ba. Amma "an gwada a ɗakin gwaji" magana ce da ba ta da uba. Wane ɗakin gwaji? Yana da shaidar ISO 17025, wadda ke nuna an tantance ƙwarewarsa? Lambar zubin da ke kan takardar sakamakon ta yi daidai da wadda aka buga a gindin kwalbarki? Ko duk an amsa waɗannan, ɗakin gwaji abin da aka ce ya nema kawai yake nema. In an ce ya duba dalma da ƙwayoyin cuta, takarda za ta fito fes alhali dexamethasone na kwance a ciki, don ba wanda ya ce a neme shi.

In Hajiya ba ta fara shan sa ba, kada ta fara. In kuwa ta yi makonni tana sha, musamman in gwiwar ta yi sauƙi farat ɗaya ko kin ga fuskarta ta ciko, kada ki yanke mata shi dare ɗaya. Jikin da ya saba da sitiroyid yana iya shiga haɗari in an tsayar kwatsam, a hankali likita ke janye shi. Ki auna sugarta da jininta yau, ki kai ta asibiti cikin kwanakin nan ba sai ranar da aka ba ta ta zo ba, ki tafi da kwalaben uku da duk magungunan da take sha a leda ɗaya. Ki kuma turo mini hoton bayan kwalbar man kifin inda lambar NAFDAC take, in taya ki dubawa.