Likita na amsawa: magungunan da ke taɓa garkuwar jiki

Tambaya: Likita, wata takwas ke nan da aka yi mini dashen ƙoda. Ina shan tacrolimus safe da dare, kuma na warware sarai. Ba zan iya hutawa da shi ba?

Amsa: Malam, kada ka kuskura. Ƙwayoyin T su ne masu gadin jiki, kuma har gobe kallon baƙuwa suke yi wa ƙodar nan. Da zarar ƙwayar T ta gane baƙon abu, wani sinadari a cikinta mai suna calcineurin ne ke zuga ta, ta fitar da interleukin-2, shi kuma ya sa ta yi ta hayayyafa har a tara runduna. Wannan hanyar ce tacrolimus da cyclosporine, wani maganin dashen, suke toshewa. Kwantar da ƙwayoyin suke yi, ba kashe su ba, saboda haka maganin na barin jini za su farka su far wa ƙodar, sau da yawa ba tare da ka ji ciwo ba tun farko. Ka riƙa barin awa 12 tsakanin sha da sha. Ranar gwaji kuma, a ɗebi jinin tukuna kafin ka haɗiyi na safe. In aka rubuta maka rifampicin na tarin fuka, ka gaya wa likitan dashenka, don yana zaftare tacrolimus ɗin da ke jini.

Tambaya: Ana yi wa mahaifiyata ƙarin ruwan pembrolizumab saboda kansa. Kwana uku ke nan tana gudawa. In ba ta maganin tsayar da ciki?

Amsa: A'a Malama, ki kai ta wurin likitanta yau. Aikin wannan magani kishiyar na sama ne. Ƙwayar T tana da birki mai suna PD-1, kansa kuma kan taka mata shi don ta tsira. Pembrolizumab birkin yake cirewa. Binciken irin waɗannan birkuna ne ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a 2018. To amma ƙwayar da ba birki takan afka wa hanji, huhu ko hanta. Gudawar na iya zama kumburin hanji, wanda galibi da prednisolone ake kwantar da shi.

Tambaya: Mai shan waɗannan magunguna na dashe zai iya yin allurar rigakafi?

Amsa: Ta mura da ta ciwon hanta, ƙwarai kuwa. Amma banda masu ƙwayar cuta mai rai, irin ta zazzaɓin shawara da ta ƙyanda.