Kogon Juukan: yadda doka ta ba nakiya izinin tashi

Tambaya: Malam, na ji cewa a Ostiraliya wani kamfanin haƙar ma'adinai ya tarwatsa wani kogo mai tsarki na 'yan asalin ƙasar, kuma ba a gurfanar da kowa a kotu ba. Daga baya aka ce an gyara doka, sai kuma aka ce an soke gyaran. Ni ɗalibar shari'a ce, abin ya ɗaure mini kai. Me ake son gyarawa, kuma me ya hana gyaran zama?

Amsa: Malama, dalilin da ya sa ba a kai kowa kotu ba shi ne babu dokar da aka karya. Nan ne ciwon yake.

Ranar 24 ga Mayu, 2020, kamfanin Rio Tinto ya tayar da nakiya a kwazazzabon Juukan da ke yankin Pilbara, a jihar Yammacin Ostiraliya, ya rusa koguna biyu da mutane suka zauna a cikinsu tun shekara 46,000 da suka wuce. Wurin na al'ummar Puutu Kunti Kurrama da Pinikura ne. Kamfanin yana riƙe da takardar izini tun 2013, ƙarƙashin sashe na 18 na dokar kare kayan gadon 'yan asali ta jihar, wadda aka kafa a 1972. Sashen ya ba minista ikon yarda a lalata wuri mai tarihi idan mai amfani da filin ya nema.

Ki lura da jerin shekarun. An ba da izini a 2013. A 2014 masu binciken kayan tarihi suka tona kogon suka fitar da kayayyaki kusan 7,000, ciki har da ƙashin dabbar kangaru da aka wasa ya zama kayan aiki shekara 28,000 baya, da wata igiyar ɗamara da aka kitsa da gashin mutum, mai shekara 4,000. Gwajin ƙwayar halitta ya nuna gashin na kakannin mutanen da ke raye a wurin yau ne. Duk da haka izinin bai girgiza ba, domin dokar ba ta da ƙofar da za a sake duba hukunci idan sabon bayani ya fito. Kuma a lokacin haƙƙin ɗaukaka ƙara na wanda ya nemi izinin ne kaɗai. Idan an hana kamfani, yana da inda zai kai kuka. Idan an ba shi, masu kogon sai dai su zuba ido. Alƙaluman da aka gabatar a majalisar jihar a 2020 sun nuna cewa cikin buƙatu 463 da suka shafi haƙar ma'adinai tun 2010, ba a ƙi ko ɗaya ba.

Akwai abin da ya fi ci mini rai. A lokacin, yarjejeniyoyin da kamfanoni kan ƙulla da al'ummomin nan sukan ƙunshi sharaɗin rufe baki: kun karɓi kuɗin ƙasa, to ba ku da damar fitowa fili ku soki aikin, ko ku nemi kariyar gwamnati. Binciken majalisar tarayya ya kuma gano cewa kamfanin yana da tsari huɗu na faɗaɗa mahaƙar, uku daga ciki ba za su taɓa kogon ba. Ya zaɓi na huɗu saboda tama mai kyau wajen tan miliyan 8, kuma bai gaya wa mutanen cewa akwai sauran ukun ba. Shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, ya rasa kujerarsa tare da wasu manya biyu, amma masu hannun jari ne suka tilasta hakan, ihu bayan hari.

To, sai gyara. A Disamba 2021 majalisar jihar ta zartar da sabuwar doka, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2023. Ta kasa ayyukan da ke taɓa ƙasa kashi uku gwargwadon girman tonon, ta ɗora wa mai fili nauyin bincika ko akwai kayan gado kafin ya sa injin, ta kuma tanadi ƙungiyoyin 'yan asali na kowane yanki da za a riƙa tuntuɓa. Gidajen zama masu fili ƙasa da murabba'in mita 1,100 ne aka ɗauke wa. Amma an baro shiri tun rani. Ranar da dokar ta fara aiki, yawancin ƙungiyoyin da za a tuntuɓa ba a ma kafa su ba. Manomi bai san ko kafa sabon shinge ko haƙa tafkin shayar da dabbobi zai jawo masa tara ba. Mutum kusan 30,000 suka sa hannu a takardar neman a ɗage ta. Ranar 8 ga Agusta, bayan mako biyar, shugaban gwamnatin jihar Roger Cook ya nemi afuwa ya ce za a soke ta. Lokacin kuwa ana tsakiyar yaƙin ƙuri'ar raba gardama kan ba 'yan asali murya a majalisar tarayya, ƙuri'ar da ta faɗi a Oktoban shekarar, don haka siyasa ta yi aikinta.

Kada ki ɗauka 'yan asalin sun yi murna da waccan dokar tun farko. Da yawansu sun ƙi ta, saboda ko a cikinta, idan aka kasa daidaitawa, minista ne mai maganar ƙarshe.

A Nuwamba 2023 aka dawo da tsohuwar dokar 1972 da faci uku masu amfani: masu haƙƙin ƙasa na gado sun samu damar ƙalubalantar izini, an haramta sharaɗin rufe baki, kuma dole mai izini ya sanar idan sabon bayani ya bayyana. Da waɗannan suna nan a 2014, wataƙila da kogon yana tsaye. Amma a ganina gyaran bai kai gaɓa ba. Tuntuɓa daban, neman yarda daban. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali, wadda Ostiraliya ta amince da ita a 2009, tana maganar yarda ce da aka bayar ba tilas, kafin a fara aiki, bayan an buɗe wa mutane komai. Yarda kuwa ba ta da ma'ana idan ba ka da ikon cewa a'a.

Kuma abu ne mai yiwuwa a cikin ƙasar kanta. A Yankin Arewa, dokar filaye ta 1976 ta ba masu ƙasa ikon hana neman ma'adinai a filayensu, dokar wurare masu tsarki ta 1989 kuma ta damƙa aikin ga hukumar da mafi yawan mambobinta masu kula da wuraren ne. Jihar Biktoriya, tun 2016, tana kare gadon da ba a taɓawa da hannu, irin su labaran baka da sanin tsirrai.

Tun da shari'a kike karantawa, inda za ki sa ido shi ne dokar tarayya ta 1984, wadda ta ba ministan tarayya ikon dakatar da ɓarna cikin gaggawa idan dokar jiha ta gaza. Ba a yi amfani da ita a Juukan ba. A Nuwamba 2022 ministar muhalli Tanya Plibersek ta karɓi shawarwari bakwai cikin takwas na kwamitin majalisa, ta yi alkawarin sabuwar doka da za a rubuta tare da 'yan asali. Shawarar da aka jingine ita ce ta wanda zai riƙe wuƙa da nama a ƙarshe, ministan muhalli ko na harkokin 'yan asali.